Wanda Bai Firgita Ba

Ran Lahadi muka gangaro daga tudunmu,
Valparaíso na ɗigar raɓar teku,
ni da Eliodoro da yaranmu biyu,
Tizón a gaba yana jan igiya
sai ka ce kuɗin a aljihunsa suke.

Amaro tun daren jiya ya yanke hukunci:
aku, kore shar, mai baki,
wanda zai koya wa zagin maƙwabci.
Maite ba ta ce uffan ba.
Ɓawon burodi ta dunƙule a hannu
don baƙon da ba ta san fuskarsa ba.

Ni da nake kwana tsaye a asibiti,
in dawo da hantsi, ido kamar garwashi,
buƙatata ɗaya ce: tsuntsu mai kunya.

Shagon Herminia na ƙarƙashin matakala,
warin gero da jiƙaƙƙiyar jarida.
Ta dubi yaran sama-sama,
ta daɗe a kan karen.
"Ya taɓa kisa?"
Eliodoro ya sosa ƙeya:
"Tattabara guda. Bara. A bakin ruwa."
Ta ce, "Hali zanen dutse.
Mu fara daga nan."

Ga akun Amaro yana lilo a zobe.
"Wannan sai ya yi shekara hamsin.
Zai raka ku kushewa, ya dawo ya ci abinci.
Bakinsa kuwa, duba abin da ya yi wa katako."
Amaro ya janye hannu a hankali,
ya ƙirga yatsunsa a ɓoye.

Ga tsirya biyu, miji da mata,
masu buɗe shari'a tun kafin asuba.
Na girgiza kai tun ba a tambaye ni ba.
Ga wani mai tukku, kumatu ja,
mai son a sake shi ya yi tattaki a daɓe.
Daɓe kuwa, kowa ya sani,
ƙasar Tizón ce, ba ya ba da haya.

Sai karen ya yi haushi. Sau ɗaya tak.
Shago ya rikice,
fukafukai na dukan waya,
ruwa ya zube, gashi ya tashi sama,
aku ya saki wata kalma
da ta sa na toshe kunnen Maite.

Can a lungu, sama da kowa,
wani kanari, launin lemon da ya kwana biyu,
yatsa ɗaya a karkace,
ya ci gaba da fasa ƙwayarsa.

"Kurma ne?"
"Ina! Gidan mahauci ya tashi,
cikin karnuka uku da ƙarar wuƙaƙe.
Mai shi ya rasu da sanyin Yuli.
Tun ranar bai yi waƙa ba,
shi ya sa babu mai tayawa."

Maite ta buɗe tafinta.
Ciniki ya ƙare ba mu sa baki ba.

A gida muka ɗaura guntun nama a zare,
muka auna iyakar tsallen Tizón,
muka ƙara taƙi biyu don tsoron Allah,
muka kafa ƙusa kusa da taga.
Doka ɗaya na rubuta a bangon kicin:
ba a buɗe keji sai kare na waje.

Kwana tara, shiru.
Amaro ya ce an cuce mu,
Maite na zama ƙasan kejin da littafinta
tana karanta masa jadawalin lissafi.

Ran na goma na jefa kifi a mai,
kasko ya ɗauki ƙara,
sai wata siririyar murya ta bi ta kansa,
ta hau, ta hau, ta karye, ta sake hawa.
Tizón ya ɗaga hanci sama
ya karɓa da kukansa na tsohon kare.
Kifin ya ƙone. Ba wanda ya kula.

Yau wata huɗu ban yi barcin hantsi ba.
Mai kunya na nema, na sani.
Ina kwance, matashi a kan kunne,
in sun yi shiru kuma
sai in tashi in leƙa ko lafiya.